Yadda na hana dodannina tsagewa

Dodo uku na ƙera da yumɓu a hunturun bana, duka suka tsage a wuya. Na ukun ya fi ci min rai, don kwana biyu na yi ina fitar masa da haƙora.

Ashe laifina ne. A bakin taga nake shanya su, iskar Kano ta busar da waje, ciki kuwa ɗanye. Ga wayar da na sa a madadin ƙashi: yumɓu yana tsukewa in ya bushe, waya ba ta tsukewa.

Sai na naɗe wayar da tsumma, na lulluɓe sabon dodon da leda a ƙarƙashin gado, kullum in ɗan buɗe ta kaɗan. Kwana shida ya yi, ya bushe lafiya lau har ƙahonninsa.