Yadda za ki shirya 'yarki ranar wasan rawa

Iyaye mata a nan Maradi sun yi ta tambaya, to ga shi:

1. Ki gwada mata ankon tun jajibere.
2. Ki ba ta abinci awa 2 kafin wasa. Kunu ya isa, tuwo nauyi gare shi.
3. Ki ɗaure mata zane da igiya. Kul kika dogara da sokewa kawai! Kalangu na yin zafi zai kwance a gaban mutane.
4. Ki cire mata 'yan kunne masu reto.
5. Ki cika gora da ruwa, zafin Afrilu ba wasa ba ne.
6. Ku hau kabu-kabu da wuri.
7. Ki damƙa ta hannun malama, ki zauna. Don Allah ban da ƙwala mata kira tana tsakar rawa, rikicewa za ta yi.