Babi na 6: Gyaran Rigar Gwanjo Ta Zama Taki

Wannan babi na matan ajinmu na yamma ne a nan Gusau, da duk wadda littafin ya faɗo hannunta. Ki karanta a hankali. Inda harafi ya tsaya miki, ki koma farkon layin, ba tsere muke yi ba. In akwai ɗan makaranta a gida ya zauna kusa da ke, amma ke za ki riƙe tef, ke za ki faɗi lambar da bakinki.

Kayan gwanjo tufafi ne da mutanen wasu ƙasashe suka sa suka ajiye, irin su Ingila da Amurka da Sin da Koriya. Ana ɗaure su dila-dila a zubo a jirgin ruwa, da yawa ta Kwatano ta ƙasar Benin suke biyowa kafin su iso kasuwanninmu. Ba a jikinki aka auna su ba. Shi ya sa za ki sami riga mai kyan yadi amma ta yi miki buhu, ko ba ta da hannu, ko ta tsaya iya gwiwa. Ni ban ga abin kunya a sa gwanjo ba. Abin da yake ci mini rai shi ne in ga mace ta kashe kuɗin guminta, ta fito da riga tana reto a jikinta kamar ta aro, alhali allura da zare na aikin yini ɗaya za su sa a tambaye ta wane tela ne ya ɗinka mata.

Darasi na 1: Daga kasuwa zuwa igiyar shanya

Ko a kasuwar Tudun Wada kika tsaya, ko ranar Talata kika je Mafara, kada hayaniyar buɗe sabuwar dila ta ruɗe ki. Ɗaga rigar sama ta fuskanci rana. Inda haske ya ratso da yawa, yadin ya mutu a wurin. Duba hamata biyu, duba wuya, ja zif sama da ƙasa. Maɓallin da ya faɗi ba komai ba ne, za mu sa wani. Tabon mai da ya daɗe kuwa, ki bar wa mai kaya abinsa.

Ki sayi wadda ta fi ki, kada ki sayi wadda kika fi. Babbar riga ana rage ta. Ƙarama ba ta da inda za a samo mata yadi.

A bayan wuya akwai ɗan ƙyalle mai rubutu. Harafin S ƙarama ce, M matsakaiciya, L babba, XL ta fi babba. Waɗannan haruffa duk mun yi su a allo. A gefen ciki kuma akwai wani ƙyallen. In kin ga an rubuta Cotton, auduga ce, tana shan gumi, ita ce ta zafin Maris da Afrilu. In kin ga Polyester, zaren roba ne, yana riƙe zafi, kuma wuta tana narkar da shi. Za ki ga ɗan hoton dutsen guga da ɗigo a cikinsa. Ɗigo 1, zafi kaɗan. Ɗigo 2, matsakaici. Ɗigo 3, zafi sosai. Mai dutsen gawayi, in ɗigo 1 ne ta shimfiɗa wani ƙyalle a kai kafin ta goga.

Da kin dawo gida ki wanke, ki shanya a rana, ki goge, sannan a yi maganar awo. Auduga takan tsuke in ta sha ruwa. Wadda ta auna kafin wanki, awon banza ta yi.

Darasi na 2: Tef

Abin da za ki tanada: tef, allura, zare kalar rigar, wani zaren mai kala dabam, almakashi mai kaifi, reza, da alli. In babu alli, guntun sabulun da ya siraɗe ya bushe yana zana layi fes, kuma wanki ɗaya yake fita.

Tef fuska biyu gare shi. Fuska ɗaya lambobinta manya ne, suna ƙarewa a 60. Wannan ita ce inci, da ita telolinmu suke aiki, da ita za mu yi. Ɗaya fuskar lambobinta a matse suke, suna kai wa wajen 150, ita ce santimita. Inci 1 ya ɗan fi santimita biyu da rabi, don haka in kika haɗa su a awo ɗaya kin ɓata lissafi. Akwai kuma wani tef da ake yi da awon mutanen Sin, manyan lambobinsa a 45 suke tsayawa. In kin ga irinsa kada ki saya.

Nemo bakin da lamba 1 take. Daga ƙarfen da ke wannan bakin ake fara awo. Ki sa masa ɗigon jan farce don kada ki riƙa juya shi. Na sha ganin mace ta fara daga 60 tana komowa baya, ta ce mini ƙirjinta 22 ne, alhali 38 ne.

Zagaya tef a ƙirjinki, inda ya fi cika, a kan riga marar kauri. Kada ki ja shi ya shige nama, kada ki sake shi ya zube. Inda ƙarfen ya haɗu da tef, karanta lambar, ki rubuta a littafinki. Rubutawa za ki yi, kada ki ce kin riƙe a ka.

Darasi na 3: Rage faɗin riga

A nan ne kusan kowa take faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe. Kada ki ji tsoro. Wadda ta iya raba wa yara huɗu ƙosai ba a yi faɗa ba, ta iya wannan lissafi.

Mu ce ƙirjinki 38. Ƙara 4 don ki sami wurin numfashi da ɗaga hannu da ruku'u. Ya zama 42. Wannan shi ne faɗin da kike so.

Juya rigar ciki ya koma waje. Shimfiɗa ta a tabarma, ki lallashe ta da tafin hannu har ta kwanta. Auna daga hamata zuwa hamata. Mu ce kin sami 25. Wannan gaba ne kawai, akwai baya a ƙarƙashinsa, don haka 25 sau biyu, 50. Riga 50, ke kina son 42. Cire 42 daga 50, saura 8. Inci 8 ne suka yi yawa.

To, tsaya nan. Ajiye almakashi. Wannan 8 ɗin sai an raba ta gida huɗu.

Me ya sa huɗu? Kama gefen rigar na dama da yatsu biyu ki murza. Yadi nawa ne a hannunki? Biyu, na gaba da na baya. Kama gefen hagu. Nan ma biyu. Biyu da biyu huɗu. Duk inci 1 da kika shiga da shi a gefe ɗaya, yadi biyu ya ci. In kin yi haka dama da hagu, inci 4 sun tafi.

Ɗebo ƙwayar gyaɗa 8. Yi gida huɗu a ƙasa kamar na dara. Zuba ɗaya-ɗaya har su ƙare. Nawa ne a kowane gida? Biyu. To inci 2 za ki shiga daga tsohon ɗinki a dama, inci 2 a hagu. Ba 8 ba. Ba 4 ba. Biyu.

Bara wata dattijuwa a ajinmu ta sayo doguwar riga shuɗiya, auduga mai nauyi, da ƙananan furanni farare a gindinta. Duk ajin sai da muka taɓa yadin. Mako na zagayowa ta shigo ta zauna can ƙarshen tabarma, rigar tana ƙunshe a baƙar leda a cinyarta, ba ta buɗe ba sai da kowa ya watse. Ta ce, "Malama, takwas kinka ce, takwas nic cire." Ta cire 8 a dama, ta cire 8 a hagu, kuma ta yanke. Inci 32 suka tafi daga rigar 50. Abin da ya rage ko jikarta 'yar shekara bakwai bai shiga ba. Na ce, "Inna, ba laifinki ba ne, ni ce ban maimaita ba." Tun ranar na ɗauki alkawarin maimaitawa har ku gaji da ni.

Mu sake. Abin da ya yi yawa 4 ne: gida huɗu, 1 a kowane gefe. Abin da ya yi yawa 6 ne: gida huɗu, ɗaya da rabi. Rabin inci shi ne dogon layin da ke tsakiyar lamba da lamba a tef. Abin da ya yi yawa 12 ne: gida huɗu, 3. Rufe littafin ki faɗa da ƙarfi: abin da ya yi yawa, a raba shi huɗu. Sake faɗa. Madalla.

Yanzu ɗauki alli. Daga tsohon ɗinkin gefe, auna inci 2 zuwa ciki, sa ɗigo a hamata. Sauko kamar faɗin tafin hannu, sake auna 2, sa ɗigo. Haka har ƙasa, sannan ki haɗa ɗigon su zama layi. In ƙugunki ya fi ƙirjinki cika, kamar yawancinmu da muka haihu, ki riƙa rage shigar kina saukowa, layin ya koma kan tsohon ɗinki kafin ya kai mazaunai. A sama kuma layin ya ɗan bi cikin hannun rigar ya ɓace a hankali, don kada hamata ta tattare. Yi wa ɗaya gefen daidai da haka. Nawa za ki shiga? Biyu. Don me? Don an raba 8 gida huɗu.

Har yanzu ba a yanka ba. Zura zaren nan mai kala dabam, ki bi layin alli da manyan taku, kowanne kamar tsawon gaɓar yatsa. Wannan ɗinkin gwaji ne. Juya rigar, sa ta. Ɗaga hannu sama. Zauna a ƙasa, tashi, sunkuya. In ta kama ki, zare zaren ki matsar da layin waje. In ta yi daidai, cire ta ki bi layin da ƙananan taku da zare kalar rigar, kina komawa baya rabin taku kowane lokaci don ya yi ƙarfi. Mai keke ta taka, marar keke ta kai wa maƙwabciya ko tela, layin yana nan a zane.

Sai yanzu almakashi, kuma ba a kan ɗinki ake yanka ba. Bar inci 1 a bayan ɗinkin. Gobe in kin yi ƙiba ko kin sami juna biyu, wannan incin za a buɗe.

Zan faɗa muku gaskiya, 'yan uwa. Raina yana ɓaci in na ce a zo da tef, mata ashirin su zo da guda uku. Kuɗin tef bai kai na ankon biki ɗaya ba, kuma anko ba ya wuce ku. Wasu kuma suna jin darasi a nan, su koma gida su auna da ido su yanka, wai sun saba. Idon naki inci nawa ne? Wadda ta sake kawo mini rigar da ta yanka ba ɗinkin gwaji, ba zan karɓa in duba ba. Ku raba huɗu, ku gwada a jiki, sannan ku yanka. Ba wahala a ciki, gaggawa ce kawai take cutarku.

Darasi na 4: Tsawo

In riga ta yi tsawo, sa ta da takalmin da kike fita da shi, wata ta sa miki alama inda kike so ta tsaya. Daga alamar ki sauka inci ɗaya da rabi, a nan za ki yanka. Wannan na kalmasa ne. Naɗe rabin inci, goge, sake naɗe inci 1, goge, ɗinke. A tsawo ba a raba huɗu, wancan lissafin na faɗi ne kaɗai.

In ta yi gajarta, nan ne za ki nuna naki idon. Ragowar atamfar da ke ƙasan akwatinki ta isa. Kwance tsohuwar kalmasa da reza a hankali, yanko atamfa mai faɗin inci 10 ko 12, haɗa fuska da fuska ki ɗinke. Zaɓi wadda take da kala ɗaya aƙalla irin ta rigar. In saura ya ragu ki yi ɗankwali da shi, duk wanda ya gani zai ɗauka tare aka ɗinko su. Ki wanke atamfar tukuna, wata tana zuba.

Darasi na 5: Hannu da maɓalli

Rigar da ba ta da hannu, ki kwance hannun wata tsohuwar rigarki, ki shimfiɗa shi a kan atamfa ki zana, ki bar inci 1 a kewaye. Ɗinkin gwaji tukuna. Wannan ya fi sauƙi a gani da ido, zan nuna a aji.

Maɓalli kuwa, ki cire duka ki sa iri ɗaya masu kalar da kike so. Na tsofaffin riguna ki riƙa tara su a gwangwani.

Darasi na 6: Rini

Farar auduga da ta dafe a kai wa marina, tana kama shuni. Polyester ba ya kamawa, kada ki ɓata kuɗinki.

Aikin gida: riga 50, ana son 44. Inci nawa za a shiga a kowane gefe? Ki rubuta amsar a littafinki. Ranar Asabar bayan la'asar kowace ta zo da riga ɗaya wankakkiya, da tef nata na kanta, da gyaɗa 12. Almakashi a bar shi a gida.