Kurakuran da aka fi yi kan wa'adin takardar neman biyan bashi a Ostiraliya

A ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta Ostiraliya ta 2001, wanda yake bin kamfani bashin dalar Ostiraliya 4,000 ko fiye zai iya aika masa takardar neman biya ta doka. Daga ranar da ta isa, kamfani yana da kwana 21: ya biya, ya sasanta, ko ya nemi kotu ta soke ta. In ya yi shiru, doka za ta ɗauka ba ya iya biyan basussukansa, a nemi rushe shi.

Wani babban kuskuren da ke kashe kamfanoni shi ne zaton shigar da ƙarar neman soke takardar kaɗai ya wadatar. Sashe na 459G ya ce cikin kwana 21 ɗin nan a shigar da ƙarar tare da takardar rantsuwa, a kuma miƙa kwafinsu ga mai bin bashi a adireshin da ya rubuta. Wanda ya shigar ranar ƙarshe, ya miƙa washegari, ya makara. Tun 1995, a shari'ar kamfanin David Grant da bankin Westpac, kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa alƙali ba shi da ikon ƙara ko rana ɗaya. Don haka a shigar da wuri, tun da sauran mako guda, domin kotu ma tana ɗaukar lokaci kafin ta buga hatimi.

Ita takardar rantsuwar ba a cika ta da "ba mu yarda da bashin ba" kawai. A zayyana dalili: kayan da ba a kawo ba, kuɗin da aka riga aka biya, ko bashin da kamfanin ma yake bin wancan ɓangaren. Dalilin da ba a ambata cikin wa'adi ba, da wuya kotu ta saurare shi daga baya.

Lissafin ranaku ma yana kayar da mutane. Ana ƙirgawa daga isar takarda ofishin da kamfani ya yi rajista da shi, ba daga ranar da darakta ya buɗe ambulan ba. Abin takaici, sau da yawa ofishin nan na akanta ne, ko tsohon adireshin da ba a sabunta a hukumar ASIC mai rajistar kamfanoni ba. A sabunta shi, a kuma rubuta ranar karɓa a jikin ambulan.

Tattaunawar sulhu ba ta tsayar da wa'adi. In mai bin bashi bai janye takardar a rubuce ba, a tafi kotu ana ci gaba da magana.

Shi ma mai bin bashi yana da nasa wa'adin. Da kwana 21 sun cika ba a biya ba, ba a kuma nemi kotu ta soke takardar ba, wata uku gare shi ya shigar da ƙarar rushe kamfanin. In ya bari sun wuce, ba zai iya dogara da waccan takarda ba, sai ya aika sabuwa, a sake ƙirga kwana 21 daga farko.