Yadda Ake Gane Kurege Zabiya daga Farin Kurege

Duk wanda ya hango farin kurege a kan reshe, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya ga zabiya, alhali yawancin fararen dabbobi ba zabiya ba ne. Ana iya rarrabewa daga nesa ba tare da an taɓa dabbar ba, muddin an yi haƙuri an tsaya cik har ta juyo da fuskarta.

A fara da ido, domin nan ne babbar shaida take. Jikin zabiya ba ya sarrafa sinadarin melanin, wanda shi ne ke rina gashi da fata da ƙwayar ido, saboda haka jinin da ke cikin jijiyoyin idon yake bayyana, a ga idon ya yi ja ko ruwan hoda. Wannan gado ne da ba ya fitowa sai ɗan ya karɓo shi daga uwa da uba duka biyu. Idan kuwa gashin fari ne fat amma idon baƙi wuluk, to wani yanayi ne daban da masana ke kira lukizim, inda launi ya gaza isa gashi amma ya bar ido yadda yake. A yi hattara da hoton da aka ɗauka da walƙiyar kyamara, don takan mayar da idon lafiyayyar dabba ja. Hasken rana ya fi aminci.

Daga nan sai a duba hanci da kunnuwa da tafin ƙafa, a kuma nemi ko da ɗigon launi a gashin, domin kurege zabiya ba shi da launi mai duhu a ko'ina. Garuruwa biyu a Amurka sun isa misali: fararen kuregun Olney a jihar Ilinois jajayen idanu gare su, har dokar garin ta ba su kariya ana kuma ƙidaya su duk watan Oktoba, yayin da na Brevard a Karolina ta Arewa ke da baƙin ido, galibi da tabo mai duhu a ka da zane a gadon baya. A ganina, wanda ya kwatanta hotunan garuruwan nan biyu ba zai sake ruɗewa ba.

Ma'aunin bai sauya ba a sauran dabbobi, sai dai akwai inda yake da sarƙaƙiya. Farar damisar Indiya tana da shuɗin ido da zanenta, don haka ba zabiya ba ce, haka ma farin dawisu. Mesa zabiya kuma takan fito da ruwan ɗorawa, saboda maciji yana da wasu launukan ban da melanin. Yanyawar yankin ƙanƙara kuwa gashi kawai take sauyawa idan hunturu ya shigo.

Idan an tabbatar zabiya ce, a ja da baya, kada a kama ta ko a saba mata da abinci a fili, domin ganinta ba shi da ƙarfi, farinta kuma yana tona ta ga shaho da kyanwa. Rana ma tana cutar da fatarta: wani goggon biri zabiya da ya rayu a gidan namun daji na Basalona a ƙasar Sifen, ciwon dajin fata ne ya kai ga ajalinsa a 2003.