Jakar gudu ba akwatin lefe ba ce

Wanda yake Damagaram a daminar 2024 bai manta da ranar da tsohon masallacin unguwar Birni ya zube ba, a farkon watan Satumba, bayan ruwa ya yi ta jiƙa shi. Ginin ƙasa ne da ya haura shekara 150 a tsaye. Daga ranar mutane da yawa suka koma suna kallon bangon ɗakunansu da wani ido, wasu kuma suka haɗa jaka ta ko-ta-kwana. Na buɗe irin waɗannan jakunkuna a gidajen dangi, a Birni da Zango da Garin Malam, kuma kusan wuri ɗaya ake tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne nauyi. Goggona ta jawo mini tata daga ƙarƙashin gado, buhu ne guda: turamen atamfa, kwanonin silba, har da labulen da ba a taɓa ratayawa ba. Na ce, "Goggo, wa zai ɗaga wannan da tsakar dare?" Ta ce, "Ɗana, ai kayan ɗakina ne, in bar wa ruwa?" Ban ga laifinta ba, amma gini in ya fara tsagewa ba ya jiran a kira almajiri ya kama. Ma'aunin mai sauƙi ne: matar gida ta goya yaro, ta riƙe wani da hannu ɗaya, ta ɗauki jakar da ɗayan, ta fita ƙofar gida cikin duhu. In ta kasa, a rage kaya. Kowane mutum tufa ɗaya ta canji ta ishe shi, da zane babba guda biyu, don zane shi ne mayafi, shi ne shimfiɗa, shi ne labule in aka sauke ku a ajin makaranta tare da wasu iyalai.

Abin da ya fi komai muhimmanci kuwa, shi aka fi mantawa: takardu. Takardun haihuwar yara, katin shaidar ɗan ƙasa, takardar gida ko fili, karne (ɗan littafin asibiti) na awon ciki da na rigakafi, takardun makaranta. Galibi suna ƙasan akwatin ƙarfe, an ɗora wasu akwatuna uku a kai, makullin kuma yana aljihun maigida, shi kuwa yana kasuwa. Atamfa in ta tafi ana sayen wata. Takardar haihuwa in ta jiƙe ta narke, sai ka sha zirga-zirga tsakanin ma'aikatar magajin gari da kotu, yaro kuma ga jarrabawa ta matso. Wasu suna sa takardun a leda ɗaya baƙa su ƙulle, wai sun tsare. Ledar kasuwa tana hujewa. A sa leda mai kauri biyu, ɗaya cikin ɗaya, a juya bakin kowace, ko a naɗe takardun a zura cikin roba mai murfi. A kuma ɗauki hoton kowace da waya a aika wa ɗan'uwa da ke wata unguwa ko wani gari, a Mirya ne ko Maradi, ta WhatsApp. Hoto ba ya maye gurbin takarda, amma yana ɗauke da lamba da kwanan wata, kuma su ake fara tambaya in za a sake yi maka wata.

Sai kuɗi. Samari sun ce ai kuɗinsu na cikin waya. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, wuta takan ɗauke, mai shagon cirar kuɗi shi ma yana can yana kwashe ruwa daga gidansa. A cikin jakar a sa jaka, in ji masu wasa da harshe: 'yan jikkuna kaɗan, amma a canje, takardun ɗari-ɗari da silalla. Mai kabu-kabu ba zai sami canjin jikka goma da asuba ba. Lambobin waya ma haka, a rubuta su a takarda: na 'yan'uwa biyu ko uku, da 18 ta 'yan kwana-kwana, da 17 ta 'yan sanda. Waya in ta mutu, mutum nawa ne ya haddace lambar ƙaninsa?

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani. Kada a sa abin da sai an hura wuta, domin itace jiƙaƙƙe ne. Garin rogo, sukari, ƙuli-ƙuli, dabino, sun isa kwana biyu. Fura ba ta kwana a jaka.

Ruwan sha ne ake rainawa, wai ana gudun ruwa kuma a ɗauki ruwa? To ruwan da ya cika unguwa ya bi ta masai da bola kafin ya iso, kuma daga nan gudawa da kwalara suke shigowa. Ba za a iya ɗaukar jarka ba, amma gora biyu da ƙwayoyin tsarkake ruwa irin Aquatabs ba su da nauyi. A haɗa da 'yan fakitin gishiri da sukari na asibiti, waɗanda ake dama wa yaro in gudawa ta kama shi. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya ƙara gishiri don ya fi ƙarfi, cutar da yaron yake yi.

Magani kuma ana cusa tarkacen na masu talla, a bar wanda ake sha kullum. In akwai mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko farfaɗiya a gidan, maganinsa na mako guda ya shiga jaka tare da takardar likita. Gidan sauro ma ya shiga, ko da za a fitar da tufa don a yi masa wuri: watannin ambaliya, Agusta da Satumba, su ne watannin masassarar cizon sauro, kuma kwana a fili da yara ba tare da shi ba sai an koma asibiti. Tocila da batir daban, kada a dogara da ta waya.

Akwai kuskuren da ba na cikin jaka ba, na inda aka ajiye ta. Ƙarƙashin gado ruwa ne ke fara isa. Ƙuryar ɗaki kuma nan ne rufi ke fara danna mutum. A rataye ta kusa da ƙofa, sama da ƙasa, kowa a gidan ya san wurin, har yarinya 'yar shekara goma. A gidan da ke da mata biyu, kowane ɗaki da jakarsa, kada a ce sai an buga ƙofar uwargida.

Goggo dai ta yarda mun raba buhun. Da muka zazzage, sai ga tocilar da ta sa tun bara, batir ya fashe a ciki ya ci ƙarfen, rigar jikanta kuma ta yi masa kaɗan. Mun yi da ita duk shekara in aka fara gyaran indararo da yaɓen soro kafin ruwan farko, ranar za a sauke jakar a duba. Kwanonin silba ta kai su gidan 'yarta, inda ginin na siminti ne.