Kumburin Gawut: Sanyi Ake Sa Masa, Ba Gashi Ba

Duk bayan Babbar Sallah sai mun ga irinsu a asibitin da nake aikin jinya. Magidanci zai shigo yana ɗingishi, takalmi a ƙafa ɗaya, babban ɗan yatsan ɗaya ƙafar ya kumbura suntum, fatar tana sheƙi. Lafiya lau ya kwanta, da tsakar dare raɗaɗi ya tashe shi, ko mayafi ba ya so ya taɓa wurin. Gawut ke nan. Sinadarin yurik asid ne ke yawa a jini, ya daskare a cikin gaɓa ya zama 'yan tsinaye kamar allura, jiki kuma ya tasar musu da yaƙi.

Abu na farko, ka kwanta ka ɗora ƙafar a kan matashi biyu. Naɗe ƙanƙara a tawul ka aza a wurin na minti 20, ka maimaita sau uku ko huɗu a yini. In babu wuta, ledar fiya wata mai sanyi daga shago ta wadatar. Abin da ya fi damuna shi ne gashi da ruwan zafi, da murza man zafi, da kai ƙafar wurin mai ɗori a ce targaɗe ne. Gaɓar da ta riga ta ɗau zafi ba ta buƙatar ƙarin zafi, tausa kuwa azaba kawai take ƙarawa. Tsaga ma a bar ta, ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Sha ruwa sosai, aƙalla lita biyu a yini, sai fa in likita ya ƙayyade maka saboda zuciya ko ƙoda.

Magani ya fi aiki idan an fara shi a ranar farko. Ibuprofen, naproxen ko diclofenac suna sauke kumburin, ɗaya ake sha, bayan an ci abinci, ba a haɗa biyu. Amma mai olsa, da mai ciwon ƙoda ko na zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, don Allah kada su saya a kemis da kansu. Likita zai duba ya zaɓa musu, ko colchicine kaɗan, domin yawansa na sa gudawa, ko prednisolone na 'yan kwanaki. Kada a sha asfirin don wannan ciwon, yana iya ƙara yurik asid ɗin. Idan kuma zazzaɓi ko rawar sanyi ya haɗu da kumburin, a tafi asibiti a ranar, domin ƙwayoyin cuta a gaɓa suna zuwa da wannan kamar, kuma suna lalata ta da sauri.

Batun abinci ba sai na ja ba: hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, tsire da balangu kullum, kifin gwangwani, giya, da lemon kwalba mai zaƙi. A rage su. Nono da madara marasa maiƙo suna taimakawa.

Kumburin yakan sauka cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma a nan ne mutane ke ɓace mana. Ciwon bai tafi ba, Alhaji, lafawa ya yi. Ka dawo a auna jininka da ƙodarka, ka zo da magungunan hawan jininka, domin masu sa yawan fitsari suna ɗaga yurik asid. Wanda ciwon ke tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko ya fara fitar da ƙulli a yatsu ko gwiwar hannu, ana ɗora shi a kan allopurinol, maganin rage yurik asid. Yawanci da miligiram 100 ake farawa, ana ƙarawa a hankali har awon yurik asid na jini ya sauka ƙasa da 6 mg/dL. Kullum ake shansa, kuma ko ciwon ya motsa a watannin farko, ba a dainawa.