Yadda ake buga gem ɗin neman ɓoyayyun kaya a kwamfuta

Tun da aka gan ni ina buga wannan gem a shagona na Ƙofar Ƙaura, kullum sai wani ya ce in koya masa. To ga shi nan.

1. Sauke gem ɗin daga shafin masu shi. Kamfanin Big Fish Games, mai sayar da irin wannan gem, na ba da gwajin minti 60 kyauta.

2. Zaɓi mataki mafi sauƙi, wanda babu agogo.

3. Karanta jerin sunayen kayan da ke ƙasan allo. Da Turanci suke zuwa, sunan da ya shige maka duhu ka duba shi a waya.

4. Fara da manyan kaya.

5. Bi hoton daga kusurwar hagu zuwa dama, a hankali. Kada ka riƙe girman abu a ranka. Almakashi kan fi kujera girma, laima kuma a fenta ta da launin bango ta saje.

6. Danna abu sau ɗaya in ka tabbata.

Hattara, nan ake faɗuwa! Danne-dannen kan-mai-uwa-da-wabi yakan sa linzamin kwamfuta ya daskare na ɗan lokaci, wani gem ɗin ma ya rage maki.

7. Adana maɓallin taimako don abu na ƙarshe, domin sai ya jima kafin ya sake cika.

8. Fita ta maɓallin gem ɗin kafin batir ya mutu, balle in an ɗauke wuta.